Allurar gadon baya: Sauƙin 'yan makonni da haɗarin da ba a cika faɗa wa mai ciwon baya ba

Idan ciwon baya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, an sha ƙwayoyi an gaji, an yi gashi, an shafa man zafi har fata ta saba, akwai wata mafita da likitocin manyan asibitoci kan gabatar wa mara lafiya kafin a kai ga maganar tiyata. Allura ce da ake sokawa ta tsakanin ƙasusuwan gadon baya, a zuba maganin rage kumburi na dangin sitiroyid dab da jijiyar da ke haddasa ciwon. Likitoci na kiranta allurar efidural. Aikin bai cika wuce rabin awa ba, kuma galibi a ranar mutum yake komawa gida da ƙafafunsa.

Masu neman irin wannan sauƙi suna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma tana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. A Amurka, inda allurar ta fi karɓuwa, an yi ta fiye da sau miliyan 1.3 a 2013 kaɗai ga tsofaffin da ke ƙarƙashin inshorar lafiya ta gwamnati mai suna Medicare.

Mafi yawan waɗanda aka yi wa ba su ga wata illa ta a-zo-a-gani ba. Amma akwai tsirarun da suka kwanta a kan gadon allura da ƙafafunsu, ba su sake takawa ba. Akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, akwai kuma waɗanda suka rasu. Yadda hakan ke faruwa sananne ne a wurin likitoci, kuma mafi yawansa ana iya kauce masa.

Inda bakin allurar yake tsayawa

Laka tana kwance ne a cikin wani rami da ƙasusuwan gadon baya suka kewaye, tun daga ƙeya har zuwa saman ƙugu. Wani tantani mai kauri ya lulluɓe ta, yana riƙe da ruwan da take ciki. Tsakanin wannan tantani da ƙashi akwai ɗan sarari siriri mai kitse da jijiyoyin jini, wanda a wuya faɗinsa bai wuce milimita kaɗan ba. Nan ne ake so maganin ya sauka. Idan allura ta zarce kaɗan, ta huda tantanin. Idan ta ƙara zarcewa a wuya ko tsakiyar baya, ta taɓa lakar kanta.

Ana shiga wurin ta hanyoyi uku: ta tsakiyar baya, ta can ƙarshen gadon baya dab da mazaunai, ko kuma ta gefe, wato ta ƙaramar kafar da jijiya ke bi ta fito daga laka ta nufi hannu ko ƙafa. Likitoci da yawa sun fi son ta gefen saboda tana kai magani daidai kan jijiyar da ta kumbura. Matsalar ita ce jijiyar ba ita kaɗai ke bin wannan kafa ba. Akwai ƙananan hanyoyin jini da ke bi ta nan su shiga ciki su ciyar da laka, kuma a wuya, babbar jijiyar jinin da ke kai wa bayan ƙwaƙwalwa jini tana wucewa ta kusa da wurin.

Dabarar tsohuwa ce. Tun a 1901 wasu likitocin birnin Paris biyu, Jean Sicard da Fernand Cathelin, suka fara zuba magani a wannan sarari, kuma hodar iblis suka yi amfani da ita domin kashe zafi. A farkon shekarun 1950 ne aka fara sa sitiroyid a Italiya da Faransa, daga nan abin ya bazu.

Gasara da gishiri

Magungunan sitiroyid da ake zubawa iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin maganar. Wasu sun narke sarai kamar gishiri a ruwa, misali deksametason. Wasu kuwa ba su narke ba, kamar gasarar da aka dama da ruwa ce, idan aka ajiye kwalbar sai garin ya kwanta, dole a girgiza kafin a zuƙa. A wannan rukuni ake samun maganin da ake sayarwa da sunan Depo-Medrol da kuma Kenalog. An daɗe ana fifita masu ɓarɓashin bisa tunanin cewa za su zauna a wurin su daɗe suna aiki.

Ɓarɓashin nan kan dunƙule ya ninka ƙwayar jini girma sau da yawa. Idan bakin allura ya faɗa cikin ɗaya daga ƙananan hanyoyin jinin nan ba tare da likita ya ankara ba, jini zai kwashi garin ya kai shi inda hanya ta ƙuntata, ya toshe. Ɓangaren lakar da ke sha daga wannan hanya sai ya rasa jini, kuma laka ba ta jure yunwar jini. Cikin mintoci mutum zai ji ƙafafunsa sun yi nauyi, su daina motsi. Sau tari ba sa dawowa.

A ƙasan baya, abin tsoron wata jijiyar jini ce guda da ke ciyar da kusan duk ƙasan laka ta gaba, wadda aka raɗa wa sunan masanin da ya bayyana ta, Adamkiewicz. A jikin yawancin mutane tana shiga ne ta hagu, a daidai ƙasan haƙarƙari, sama da inda ake yawan yin allura. Amma halitta ba iri ɗaya ba ce. A jikin wasu ta can ƙasa take shiga, daidai inda likita ke ganin babu haɗari. A 2002 wasu likitoci biyu a Amurka sun wallafa labarin marasa lafiya uku da ƙafafunsu suka shanye nan take bayan allurar gefe a ƙasan baya. Daga baya aka samu makamantan rahotanni a Faransa.

A wuya abin ya fi muni, domin garin na iya zarcewa ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka wallafa a 2007 ya aika wa likitocin ciwo a Amurka tambayoyi, 287 suka amsa. A tsakaninsu sun ba da labarin matsaloli 78 da suka biyo bayan allurar gefe a wuya. Guda 30 toshewar jini ce a ƙwaƙwalwa ko laka ko duka biyun, kuma mutum 13 sun mutu.

Shekara guda bayan haka aka wallafa wani gwaji da aka yi a kan aladu, inda da gangan aka zuba magungunan a jijiyar jinin wuyansu. Duk waɗanda aka zuba wa mai ɓarɓashi ba su farfaɗo ba. Waɗanda aka zuba wa narkakke sun tashi lafiya. Wannan bai wanke deksametason gaba ɗaya ba, domin an taɓa samun rahoton lalacewar ƙarshen laka bayan amfani da shi. Sai dai kusan duk munanan labaran da aka tattara, da mai ɓarɓashi aka yi allurar.

Gargaɗin 2014

A ranar 23 ga Afrilun 2014, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta umarci kamfanonin da ke yin allurar sitiroyid su rubuta gargaɗi a takardar maganin: zuba shi a wannan sarari na gadon baya na iya jawo makanta, shanyewar ɓarin jiki, shanyewar gaɓoɓi da mutuwa, ko da yake ba kasafai ba. Hukumar ta ƙara da abin da marasa lafiya da yawa ba su taɓa ji ba, cewa ita ba ta taɓa amincewa da wani sitiroyid domin a yi amfani da shi ta wannan hanya ba. Likitoci ne suke yi bisa damar da doka ta ba su ta amfani da magani a inda suka ga zai yi amfani.

Jami'an hukumar sun ce tsakanin 1997 da 2014 sun samu rahoton munanan matsalolin laka da ƙwaƙwalwa guda 90. Idan aka auna da miliyoyin alluran da aka yi, adadin ɗan ƙanƙani ne. Amma rumbun da aka ciro shi na rahoton ganin dama ne, likitan da bai kai rahoto ba ba a ƙidaya nasa. Saboda haka 90 ɗin abin da ya iso teburin hukuma ne kawai.

Likitocin ciwo da dama sun ji haushin gargaɗin. Hujjarsu ita ce an yi wa kowa kuɗin goro, an haɗa allurar wuya mai ɓarɓashi da allurar ƙasan baya mai narkakken magani a kwando ɗaya, alhali haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Suna da gaskiya a nan. Hukumar ta kira taron ƙwararru a watan Nuwambar shekarar, aka tafka muhawara, a ƙarshe ta bar gargaɗin yadda yake, ba ta kuma haramta allurar ba.

Abin mamaki, masu yin maganin sun fi hukumar tsauri. Tun 2011 kamfanin Bristol-Myers Squibb ya rubuta a takardar Kenalog cewa ba na wannan hanya ba ne. Jaridar New York Times ta ruwaito a 2018 cewa Pfizer, mai Depo-Medrol, ya nemi FDA ta hana amfani da maganinsa ta gadon baya tun 2013, hukumar ba ta yi ba, alhali ƙasashe irin su Kanada da Ostireliya da Faransa sun sa hanin a takardar maganin. Wani zai ce kamfanonin suna kare kansu ne daga shari'a. Ko da hakan ne, mara lafiya ya cancanci ya san cewa mai maganin da kansa ya ja baya.

Lokacin da kwalbar ce ta zo da cuta

Mafi girman bala'in da ya taɓa biyo bayan wannan allura bai shafi hannun likita ba. A watan Satumbar 2012, wata likita a asibitin Jami'ar Vanderbilt da ke jihar Tennessee, April Pettit, ta ga mara lafiya mai sanƙarau da ya ƙi jin magani. Da gwaji ya fito sai aka ga fumfuna ce a ruwan lakarsa, abin da ba a saba gani ba a jikin wanda garkuwarsa ke da ƙarfi. Ta bincika ta gano an yi masa allurar gadon baya makonni kaɗan kafin nan, ta sanar da hukumar lafiyar jihar.

Bin diddigi ya kai ga wani kamfanin harhaɗa magunguna a garin Framingham na jihar Massachusetts, mai suna New England Compounding Center. Ya rarraba kwalabe kusan 17,000 na sitiroyid mai ɓarɓashi daga rukuni uku da suka gurɓace, kuma an yi wa mutum kusan 14,000 allura da su. Cibiyar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙidaya mutum 753 da suka kamu a jihohi 20, 64 suka mutu. Daga baya masu gabatar da ƙara suka ce mamatan sun haura 100. Wasu sanƙarau ya kashe, wasu fumfunar ta ci jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsu, wasu kuma suka rayu da ciwon da ya fi wanda ya kai su asibiti.

Shugaban kamfanin, Barry Cadden, ya tsira daga tuhumar kisa a kotun tarayya, amma an same shi da laifin zamba da damfara. A 2017 aka yanke masa shekara 9, a 2021 aka ƙara zuwa 14 da rabi. Majalisar dokokin Amurka ta yi sabuwar dokar sa ido kan irin waɗannan kamfanoni a 2013.

Ko magani mai tsafta ne, akwai sauran hanyoyin da abu ke ɓaci. Idan allura ta fasa jijiyar jini a wannan matsattsen wuri, jini na iya taruwa ya danne laka, musamman ga masu shan magungunan tsinka jini irin su wafarin. Ƙwayar cuta daga fata ko daga bakin mai allurar na iya shiga ta tara mugunya, shi ya sa ake so likita ya rufe hanci da baki. Huda tantani kan jawo ciwon kai mai tsanani da ke tashi idan mutum ya miƙe, ya lafa idan ya kwanta, kuma wannan yawanci yana warkewa. Masu ciwon suga kuma sukan ga sugansu ya hau na wasu kwanaki.

To, mene ne ribar?

Duk wani aikin asibiti yana da haɗari, kuma mutum kan karɓi haɗarin idan ribar ta kai. A nan ne maganar allurar take da rauni.

A 2020 ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara binciken likitanci ta tace, ta duba gwaje-gwaje 25 da suka ƙunshi mutum 2,470 masu ciwon da ke tasowa daga baya ya sauka ƙafa. Ta gano allurar tana ɗan rage ciwon ƙafar na gajeren lokaci, amma bambancinta da allurar da babu sitiroyid a ciki ƙarami ne, har mai yiwuwa mara lafiya ba zai ɗauke shi da muhimmanci ba. Wani gwajin da aka wallafa a 2014 ya raba mutum 400 masu ƙuntatar ramin laka gida biyu. An yi wa rabi sitiroyid haɗe da maganin kashe zafi, rabi kuma maganin kashe zafin kaɗai. Bayan mako shida, bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba.

Shi ya sa hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki, ta raba abin a 2016. Ta ce ana iya duba yiwuwar allurar ga mai sabon ciwo mai tsanani da ke sauka ƙafa, amma kada a yi wa mai ciwon baya zalla allurar gadon baya. Wannan rabe-raben yana da muhimmanci, domin mafi yawan masu cewa "bayana ke ciwo" suna rukuni na biyu ne. Su kuma na rukunin farko, waɗanda faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya zamo ya danne musu jijiya, yawancinsu kan samu sauƙi da kansu cikin mako shida zuwa sha biyu.

Wannan ba ya nufin allurar banza ce. Wanda ciwo ya hana shi barci, ba ya iya ruku'u, ba ya iya zama a mota, sauƙin wata guda ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa, kuma yana iya ba shi damar fara motsa jiki a wurin likitan gashi. Abin da ba ta yi shi ne mayar da faifan wurinsa. Inda na fi ganin rashin adalci shi ne a jera wa mutum allura uku tun kafin a ga abin da ta farko za ta yi, ko a ci gaba da yi wa wanda ta farkon ba ta amfane shi ba.

Abin da ya shafe mu

A 2015 wani kwamiti na ƙungiyoyin likitoci a Amurka ya fitar da matakan kariya 17. Muhimmansu su ne kada a yi allurar sai ana kallon inda take tafiya a na'urar hoton ƙashi, a fara zuba wani ruwa mai bayyana a hoto domin a tabbatar ba cikin jijiyar jini aka shiga ba, kada a sa mai ɓarɓashi a allurar gefe ta wuya, a ƙasan baya ma a fara da narkakke. Sun kuma yi gargaɗi kan sa mara lafiya barci mai nauyi, domin wanda ke farke shi ne zai yi ƙara idan allura ta taɓa inda bai kamata ba.

'Yan Najeriya da dama na tafiya Masar ko Indiya ko Dubai neman maganin baya, wasu kuma a manyan asibitocin gida ake yi musu tayin allurar. Ko a ina ne, mara lafiya na da haƙƙin ya tambayi sunan maganin, ko mai ɓarɓashi ne ko narkakke, ta wace hanya za a shiga, da kuma ko za a yi amfani da na'urar hoto. Ya kuma faɗa wa likita duk maganin da yake sha, har da na gargajiya. A ƙasar da hukumar NAFDAC ke fama da jabun magunguna, labarin Framingham ya isa ya sa mutum ya tambayi inda kwalbar ta fito.

Akwai kuma abin da ya fi damun yankinmu fiye da Amurka. Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa, kuma cutar kan kama ƙashin baya ta riƙa cin sa a hankali. Alamarta ta farko ciwon baya ne. Sitiroyid yana raunana garkuwar jiki, don haka zuba shi a irin wannan wuri ƙara wa wuta fetur ne. Ciwon bayan da ya zo da rama, zazzaɓin dare ko gumi yana buƙatar hoto da gwaji kafin a yi maganar kowace allura.

Kada kuma a rikita wannan da allurar da ake yi wa mata a baya lokacin tiyatar haihuwa, ko ɗibar ruwan laka domin gwajin sanƙarau. Waɗancan babu sitiroyid mai ɓarɓashi a cikinsu, ba a bi ta kafar gefe, kuma ana yin su ne domin ceton rai. Macen da aka ce za a yi wa tiyata, ko iyayen yaron da ake zargin yana da sanƙarau, ba su da dalilin ƙin amincewa saboda abin da aka faɗa a nan.

Ga wanda aka riga aka yi wa allurar, ɗan ciwo a wurin da aka soka ko nauyin ƙafa na 'yan awanni saboda maganin kashe zafi abu ne da aka saba gani. Amma idan ƙafa ko hannu na ƙara mutuwa maimakon ya saki, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba da sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji, ko gani ya dushe, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya suka biyo baya ko da bayan makonni ne, a koma asibiti nan take a faɗa musu an yi allurar gadon baya. Idan jini ne ya taru ya danne laka, likitocin tiyata kan so su buɗe wurin cikin awa 8 zuwa 12, domin bayan haka damar sake takawa tana raguwa ƙwarai.